Wa Ya Shiga Tsakaninki da Ubangiji?



Idan aka tare yarinya 'yar shekara biyar a ƙofar Islamiyya aka ce mata, "Ke, Allah nawa ne?" ko tunani ba za ta tsaya yi ba, sai ta ɗaga yatsa ɗaya. Amsar ta yi mana sauƙi, har mukan ɗauka kowa a duniya haka ya tashi ya tarar. Alhali kuwa a kan wannan yatsa ɗayan an zubar da jini, an rushe birane, an kori mutane daga garuruwan iyayensu. To daga ina wannan imani ya faro? Shin mutanen farko Allah ɗaya suka sani, daga baya gumaka suka kutso? Ko kuwa gumaka ne farko, sannu a hankali tunanin ɗan Adam ya kai shi ga Allah ɗaya?

Kada ki ce wannan ai zancen malamai ne, ina ruwan mai tuƙa tuwo da shi. Ki yi haƙuri ki biyo ni, za ki ga zancen ya taso daga Masar, ya bi ta Makka, ya hau Dala, amma a ƙarshe ƙofar ɗakinki zai tsaya.

AMSOSHI BIYU

Amsa ta farko ita ce wadda muka sani a addini. Annabi Adamu (AS) ya san Ubangijinsa, zuriyarsa ta daɗe a kan haka, sannan daga baya aka karkace. Yahudawa da Kirista ma a nan suka tsaya, cewa mutumin farko Mahaliccinsa ya sani, bai san gunki ba.

Yaya aka yi aka karkace? A cikin Suratu Nuhu an ambaci gumaka biyar na mutanen Annabi Nuhu (AS): Wadda, Suwa'a, Yagusa, Ya'uƙa da Nasra. Bukhari ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa waɗannan sunayen wasu mutanen kirki ne. Da suka mutu, sai jama'arsu suka kafa siffofi a wuraren da suke zama, suka sa musu sunayensu. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba. Sai da suka shuɗe, aka manta dalili, jikoki suka taso suka tarar da abu a tsaye ana girmama shi, sannan aka fara duƙa masa.

Ki lura da wannan da kyau, 'yar uwa. Ba wanda ya tashi da safe ya ce yau na gaji da Allah, bari in sassaƙa wani. Ƙauna ce ta buɗe ƙofa, mantuwa ta shigo da kaya.

Amsa ta biyu ta wasu masanan Turai ce. A shekarar 1871 wani Bature ɗan Ingila, Edward Tylor, ya fitar da littafi ya ce addini kamar tsani ne. Wai mutum ya yi mafarki ya ga mamaci, sai ya ce ashe akwai kurwa. Daga kurwa ya ce itatuwa da duwatsu ma suna da iskoki, daga iskoki aka sami alloli masu yawa, daga nan aka tace aka sami Allah ɗaya. Wannan magana ta yi wa 'yan mulkin mallaka daɗi, domin ta ajiye su a saman tsani, ta bar baƙar fata a ƙasa.

Sai dai tun a cikinsu aka sami masu ja. A 1898 Andrew Lang, mutumin Sikotilan, ya nuna cewa a cikin ƙabilun da ake wa kallon na ƙasan tsani, irin 'yan asalin Ostireliya, akwai masu labarin wani Mahalicci a sama wanda ya yi komai. Wani limamin Katolika, Wilhelm Schmidt, ya ɗauki zancen ya ƙarar da rayuwarsa a kansa. Littattafai 12 aka buga masa tsakanin 1912 da 1955, duk don ya tabbatar sanin Allah ɗaya shi ne asali.

Masana na yanzu sun ajiye tsanin Tylor, haka kuma ba su karɓi hujjar Schmidt yadda ya so ba. Dalilinsu shi ne, mutanen da ke raye a yau, ko a wane daji suke, ba hoton mutanen farko ba ne, su ma suna da nasu dogon tarihi. Masu tonon ƙasa kuma suna samun gumaka masu shekaru dubbai, amma wannan bai yanke hukunci ba. Gunki dutse ne, yana iya shekara dubu goma a cikin ƙasa. Addu'ar da mace ta yi cikin dare ba ta barin sawu. Saboda haka magana a kan ranar farko ta imani ce, shebur ba ya kaiwa can.

Amma tun da ɗan Adam ya fara rubutu, wajen shekara 5,000 ke nan, akwai abin da tarihi ya yi ta maimaitawa. Shi nake so mu duba tare, a wurare huɗu.

SARKIN DA YA SA DOKA

Wajen shekara 1353 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani sarki ya hau gadon Masar. A lokacin Misirawa suna da alloli barkatai, babbansu Amun, mai manyan ɗakunan bauta da gonaki da dukiya. Wannan sarki ya ce shi abin bauta ɗaya ya sani, wato Aten, faifan rana. Ya canza sunansa ya koma Akenaten. Ya bar babban birni, ya je ya gina sabo fil a wurin da yau ake kira Amarna. Ya aika masassaƙa suka bi bango bango suna kankare sunan Amun, a wasu wuraren har kalmar "alloli" suka goge.

Masana da yawa suna cewa wannan ne karo na farko a rubutaccen tarihi da wata masarauta ta tsaya a kan abin bauta ɗaya. Mu dai mun san rana halitta ce, ba ta cancanci sujada ba. Amma ba nan kaɗai matsalar take ba. Idan kika dubi zane-zanen zamanin, za ki ga rana ta miƙo hannuwa tana ba sarki da matarsa Nefertiti alamar rai, su kaɗai. A gidajen manyan gari, hoton sarki da iyalinsa ake kafawa a wurin bauta. Wato sarki ya bauta wa Aten, talaka ya bi ta kan sarki. An kori 'yan tsakani dubu, an bar guda ɗaya mai rawani.

Ga abin da ya fi taɓa zuciya. Da masu tono suka shiga unguwar ma'aikata a Amarna, sai suka yi ta samun ƙananan layu da zane na Bes da Taweret. Su wane ne waɗannan? Tsofaffin allolin gida ne, masu tsaron mai ciki da mai naƙuda da jariri. Taweret ma siffar dorina mai ciki aka yi mata. Kin gani ko? A tsakiyar birnin abin bauta ɗaya, ƙarƙashin hancin sarki, mace mai tsohon ciki ta riƙe 'yar dorinarta. Dokar fada ta hana, amma tsoron naƙuda ya fi dogarin sarki kusa da ita.

Shekara 17 ya yi yana mulki. Bayan mutuwarsa ba a daɗe ba aka watse daga birnin. Yaron da ya hau gadon daga baya ya sauya sunansa daga Tutankaten zuwa Tutankamun, aka mayar da Amun, aka cire sunan Akenaten daga jerin sarakuna. Abin da aka dasa da bulala, ranar da mai bulala ya kwanta shi ma ya kwanta.

BANI ISRA'ILA

Su kuwa waɗannan Annabi aka aiko musu. Sun ga teku ta tsage da idonsu. Amma Annabi Musa (AS) ya tafi ganawa da Ubangijinsa dare 40 kawai, kafin ya dawo Samiri ya ƙera musu ɗan maraƙi da kayan adonsu. Ba su iya jira ba.

Abin da aka tono a ƙasarsu ya nuna halin bai tsaya nan ba. A 1975 da 1976, a wani kango cikin hamadar Sina'i mai suna Kuntillat Ajrud, an sami rubutu na wajen shekara 800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), inda ake neman albarka da sunan Ubangijin Isra'ila tare da Ashera, sunan da aka sani na wata tsohuwar allahiyar Kan'aniyawa. A gidajen ƙasar Yahuza kuma, har cikin birnin Ƙudus, an tono ɗaruruwan 'yan mutum-mutumin yumɓu, siffar mace ta tallabe nononta. Masana da dama suna danganta su da neman haihuwa da ruwan nono.

A littafin Irmiya, cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, an ba da labarin yadda gida guda kan haɗu, yara su yo itace, uba ya hura wuta, uwa ta kwaɓa gari a toya waina domin wata da suke kira Sarauniyar Sama. Da Irmiya ya yi musu faɗa, sai suka mayar masa da cewa ai lokacin da suke yi abinci ya wadata, tun da suka bari suke cikin yunwa da yaƙi. Don Allah wannan amsa ba ta yi miki kama da wadda kika taɓa ji a gidan suna ba?

Sai babbar masifa ta zo. A shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Bukhtanasar sarkin Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, ya ci Ƙudus da yaƙi, ya ƙone ɗakin ibada, ya kwashe manyan gari zuwa ƙasarsa. A al'adar wancan zamani, idan aka ci gari to an ci allansa ke nan, sai a koma bin na wanda ya yi nasara. Waɗannan bayin ba su yi haka ba. Suka ce Ubangijinmu ba a ci Shi da yaƙi ba, Shi ne ma Ya juya Babila a kanmu saboda laifinmu, domin Babila ma tasa ce. Masana tarihi suna cewa a rubuce-rubucen wannan zamani na bauta ne aka fi samun magana ƙarara cewa babu wani abin bauta ko kaɗan sai ɗaya. Su suna karanta wannan a matsayin lokacin da tauhidi ya nuna sosai a cikinsu. Mai imani kuwa yana karanta shi a matsayin lokacin da suka dawo kan abin da Annabi Musa (AS) ya bar musu. Ko ta wace fuska kika duba, abu ɗaya ya fito: ranar da suka rasa gini da sarki da ƙasa, ranar suka gane Ubangiji ba Ya zaune a cikin gini.

MAKKA

Kada ki ɗauka Ƙuraishawa ba su san Allah ba. Mahaifin Manzon Allah (SAW) ai Abdullahi ne sunansa, tun kafin saukar wahayi. Alƙur'ani ya faɗa a surori da dama cewa da za a tambaye su wanda ya halicci sammai da ƙasa, Allah za su ce. A Suratuz Zumar kuma an kawo hujjarsu, cewa gumakan nan suna bauta musu ne don su kusantar da su gare Shi.

Malaman tarihi irin su Ibnu Ishaƙ da Ibnul Kalbi sun kawo yadda abin ya faro. Zuriyar Annabi Isma'ila (AS) idan Makka ta yi musu ƙunci za su yi ƙaura, sai mutum ya ɗauki ɗan dutse daga Harami saboda ƙauna, duk inda ya sauka ya ajiye yana kewaya shi kamar yadda ake kewaya Ka'aba. Da tafiya ta yi tafiya, sai dutsen ya zama abin bauta. Sannan wani shugaban Khuza'a, Amru ɗan Luhayyu, ya je Sham ya ga ana roƙon gumaka ruwa da nasara, ya taho da Hubal ya kafa a Makka. Lata tana Ɗa'ifa, Uzza tana Nakhla, Manata tana wajen Ƙudaidu ta bakin teku. Ranar da aka buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira, daidai da 630, gumaka 360 aka tarar kewaye da ɗakin da Annabi Ibrahim (AS) ya gina domin Allah Shi kaɗai.

Duk da haka hasken bai mutu gaba ɗaya ba. Akwai irin su Zaidu ɗan Amru ɗan Nufailu, wanda tun kafin aiko Manzo (SAW) ya ƙi cin yankan gumaka, yana neman addinin Ibrahim. Shi ne idan ya ji uba zai binne 'yarsa da rai, sai ya karɓe ta ya ɗauki nauyinta. Ki duba yadda abu biyun nan suka haɗu a mutum ɗaya. Wanda ya yarda Mai ba da rai ɗaya ne, ba zai yarda a kashe yarinya don tsoron talauci ko gori ba. Kuma wadda ta fara ba da ranta a kan tauhidi a wannan al'umma mace ce, baiwar Allah Sumayya mahaifiyar Ammar, wadda Abu Jahil ya kashe.

DUTSEN DALA

Mu dawo gida. Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, wanda ke zaune a kan Dala yana yi wa Tsumburbura hidima. Wata itaciya ce aka kewaye da gini, ba mai shiga sai shi kaɗai. Jama'a su taru da baƙin bunsuru da baƙar kaza da baƙin kare, shi ya shiga ya fito ya gaya musu abin da shekara za ta zo da shi.

Littafin ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci, aka fara salla. To sai aka ce shi ke nan? Ina! Ɗansa Kanajeji, da yaƙin Zazzau ya gagare shi, sai ya koma wajen masu tsafi ya tambaye su abin yi, ya yi musu abin da suka ce. Uba ya gina masallaci, ɗa ya ji wuta ya koma gindin itace.

Wanda ya fi wannan ban mamaki shi ne labarin Dirki. Wani abu ne da sarakunan Kano na baya suka riƙa yi wa yanka suna naɗe shi da fatu, ana ganin shi ke tsare gari. A zamanin Sarki Alwali, wanda ya hau a 1781, aka nemi shanu 40 domin Dirki, ya hana, ya sa samari suka sa gatari suka fasa. Me aka tarar a ciki? Alƙur'ani! Littafin da ya zo ya rushe gumaka, shi aka naɗe da fata, aka daina karantawa, aka koma zuba masa jini. Wallahi duk mai hankali ya tsaya a kan wannan labari ya yi tunani. Abu mai tsarki ma, idan aka rufe shi aka daina fahimtarsa, ana iya mayar da shi gunki.

Irin wannan gauraye Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta wa'azi a kansa kafin jihadin 1804, mutum yana salla yana kuma yanka wa dutse da itace. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gane cewa a cikin gida abin ya fi samun maɓoya. Ba ta aika dogarai ba. Sai ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, dattawan mata masu zuwa ƙauyuka suna koyar da 'yan uwansu mata ta hanyar waƙoƙi. Ta san inda ilmi bai shiga ba, bori zai shiga.

Wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939. Ya tarar sun yarda Allah ne Ya yi komai, Shi ne sama da kowa, amma yanka da roƙo iskoki ake yi wa, domin su ne na kusa. Gaskiya ne sun daɗe suna maƙwabtaka da Musulmi, sun ɗauki abubuwa da yawa a wurinsu. Amma irin wannan tsari akwai shi a addinin gargajiya na Yarabawa, inda Olodumare ke sama, orisha ke tsakani, haka na Ibo masu kiran Mahalicci Chukwu.

ME YA SA AKE SA ƊAN TSAKANI?

Yanzu ki haɗa labaran nan huɗu. A Makka da Dala da Ƙudus, da wuya ki sami wanda ya ce babu Mahalicci. Cewa ake yi Yana nan, amma Ya yi nisa. Ashe tarihin tauhidi, yawancinsa, tarihin kawar da 'yan tsakani ne, su kuma suna dawowa ta taga.

A ganina dalili biyu ne ke dawo da su. Na farko, mutum yana auna Allah da sarkin garinsu. Talaka ba ya ganin sarki sai ya bi ta mai unguwa, mai unguwa ya kai shi ga dagaci, dagaci ga hakimi, kowa kuma da ɗan abin gaisuwarsa. Sai zuciya ta ce, to Sarkin sarakuna fa, ni wace ce da zan tunkare Shi kai tsaye? Ga shi kamar tawali'u, amma a ƙarƙashinsa an yi wa Allah mummunan zato. Sarki yana buƙatar fadawa ne don bai san kowa ba, ba ya ji daga nesa, yana barci, yana mantuwa. Wanda ba Ya barci, Ya san abin da ke cikin mahaifa, wa zai kai Masa labarinki?

Dalili na biyu shi ne jira. Alƙur'ani ya ba da labarin mushirikai cewa idan suna cikin jirgi igiyar ruwa ta taso, Allah kaɗai suke kira, sai sun taka tudu su koma gidan jiya. Haka abin yake har gobe. Ba macen da naƙuda ta kama ta kira sunan boka, "Wayyo Allah" take cewa. Abin da ke kai mace gidan boka shi ne ciwon da ba ya kisa kuma ba ya warkewa: shekara biyar ba ɓatan wata, miji ya juya baya, ana ƙishin-ƙishin ɗin amarya, ƙannenki duk sun yi aure ke kina gida. Shi boka ana ciniki da shi. Kawo baƙar kaza, kawo turare, nan da kwana bakwai za ki ga aiki. Allah kuwa ba a ciniki da Shi. Yana iya ba ki yau, Yana iya jinkirtawa, Yana iya musanya miki da abin da ba ki roƙa ba. Nauyin tauhidi ke nan, kuma duk wanda ya ce miki ba nauyi bai gaya miki gaskiya ba.

Na san wata za ta ce, "Hm, wanda bai sha zafin gorin haihuwa ba shi ke wannan dogon bayani. Ai ni ban bar salla ba, taimako kawai na nema." 'Yar uwa, ban raina hawayenki ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kuma ina cewa uwar miji da dangin miji da ke kiran yarinya juya, da ƙawar da ke cewa tashi in kai ki wani wuri, su ma su ji tsoron Allah, don su suka tura ta bakin rami. Amma ki duba maganar taki da kyau. "Ban bar Allah ba, taimako kawai na nema." Ashe ba ita ce maganar Ƙuraishawa ba? Ba ita ce ta matar Amarna da 'yar dorinarta ba?

Sannan ki yi lissafin abin da ɗan tsakani ke karɓa. Yau kuɗin cefane, gobe 'yan kunne, jibi kwallaye da tasoshin da uwarki ta yi shekaru tana tara miki. Wasu ma har mutuncinsu ya tafi a can, ba sa iya gaya wa kowa. Mafi muni, yana sayar miki da tsoro. Daga ranar da ya ce kishiyarki ce ta yi miki asiri, kin daina cin abincin gidanku da kwanciyar hankali, kin daina yarda da maƙwabciya, ko tsintsiya kika gani a ƙofa sai gabanki ya faɗi. Mai alloli da yawa bawan iyayengiji da yawa ne, wannan ya ja nan, wancan ya ja can. Wadda ta san hannu ɗaya ke riƙe da rabonta, ta huta. Kishiya ba ta rubuta arzikinki ba, balle ta goge.

Wannan ba ya nufin ki naɗe hannu. Ki tuna Nana Hajara. An bar ta a kwarin da ba shuka ba ruwa, da jariri a hannu. Da ta tabbatar umarnin Allah ne, sai ta sakankance ba zai tozarta su ba. Amma ba ta zauna ba. Ta hau Safa, ta sauko ta hau Marwa, har sau bakwai, tana neman ruwa da ƙafafunta. Ba ta yanka wa dutsen komai ba, hawansa ta yi don ta hango. Har yau miliyoyin alhazai, maza da mata, sarakuna da talakawa, sawun wannan mata suke bi. To ke ma ki yi naki sa'ayin. Ki je asibiti, ki lallaɓa maigida shi ma a duba shi, domin likitoci sun tabbatar matsalar haihuwa tana zuwa daga namiji kamar yadda take zuwa daga mace. Ki sha magani, ki je awo, ki kai yaro rigakafi. Ki nemi sulhu ta hannun manya. Ki ce wa mahaifiyarki ta sa ki a addu'a. Duk wannan hawan Safa ne. Inda aka ɓata shi ne inda aka ce ki yi yanka don wanin Allah, ko ki binne wani abu a ƙofar wata, ko wani ya ce ya san abin da gobe za ta haifa.

Abu na ƙarshe, wannan tarihi ya kamata ya rage mana girman kai. Kada ki ga Bamagujiya a kasuwa ki taɓe baki, ko ki ji labarin kakannin da suka taru a gindin Dala ki ce ina hankalinsu yake. Mutane ne masu son 'ya'yansu kamar ke, masu tsoron fari da annoba, suka kama abin da hannunsu ya kai. Ke gadon tauhidi kika tarar, ba ki sha wuyar nemansa ba. Kuma mun ga waɗanda suka ga teku ta tsage sun karkace cikin dare 40, mun ga ɗan mai gina masallaci ya koma tsafi. Wanda ya ga gemun ɗan uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Saboda haka kowace ta shiga ɗakinta ta yi wa kanta tambaya, ba sai kowa ya ji ba. Idan abu ya tsananta, sunan wa ke fara zuwa zuciyata? Wa nake tsoron ɓata wa fiye da kowa? Mene ne a ƙarƙashin katifata, ko a ƙugun ɗana, wanda idan ya ɓace yau ba zan iya barci ba? Sannan ki koya wa 'ya'yanki dalili, kada ki bar su da yatsa ɗaya kawai. Mutanen Annabi Nuhu (AS) ba a zamanin iyaye suka ɓata ba, sai a zamanin jikokin da aka bar musu al'ada ba a bar musu sani ba.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya ba masu nema haihuwa mai albarka, Ya zaunar da kowace lafiya a ɗakinta, Ya ba 'yan matanmu mazaje na gari, Ya ba mu haƙurin jiran lokacinsa. Amin.

Wassalam.